Kalaba Uku a Kan Yalwa

Ni ba mai yawan magana ba ce, 'ya'yana, kun sani. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba aka cire ni aka sa ni dakau. Wannan da kuke karantawa faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce wa mai rubutun kada ta yi mini kwalliya. Magana biyu ke yawo a kaina a Ƙofar 'Yandaka. Wasu sun ce na bar wankan gawa don na canja malamai. Wasu sun ce waya ce ta kore ni. Gara ku ji daga bakina tun yana motsi.

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ke wanke mata a unguwarmu. Da mahaifinku ya rasu ya bar ni da ku, ta kira ni ta ce macen da ta ga gawar miji da ta 'ya'ya biyu ba ta yi kururuwa ba, ta dace da wannan aiki. Ta koya mana ni da ɗiyarta Tabawa. Bayan ta tafi, ni ke wanki, Tabawa ke zuba ruwa. Tabawa taubashiyata ce, tsokana ce gaisuwarmu. Tana ce mini Taɓarya, ina ce mata Buta. Amma da mun sa ƙafa a ɗakin gawa ko tari ba mai yi. Ba biyanmu ake ba, sai dai a aiko da sabulu ko turmin atamfa in an ga dama. A kan gashi, abin da Gwaggo ta koya mana shi ne a tsefe kitson, a wanke, a tattara gashin a naɗe shi ta baya. Ba a kitsa wa gawa kai. Haka muka yi wa duk matar da ta bi ta hannunmu, har ita Gwaggon.

Yalwa kuwa ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa. Gidanta na tsallaken lungu, sana'arta kitso. Ita ke yi mini, ita ta yi wa 'yan'uwanku mata har suka yi aure, ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba. Shi ya sa ni ban taɓa koyon kitso ba, hannuna na daka ne. Wata rana a gidan suna muka ji wasu mata na ba da labarin jikin wata marigayiya, wai mai wankanta ce ta faɗa. A hanyar gida Yalwa ta tsaya ta riƙe mini mayafi.

"Dije, in na riga ki, ke za ki wanke ni. Daga kai har ƙafa. Ban yarda baƙon hannu shi taɓa ni ba. Waccan ma ban yarda ta shigo ba."

Waccan ita ce Hafsatu, 'yar farinta, wadda ba ta faɗin sunanta saboda alkunya. Na ce to. Ban ƙara komai ba, ita ma ba ta nemi ƙari ba. Alkawarin ke nan, kuma shi ne duk abin da zan ba ku labari a kai.

Shekarar da abin ya faru, soja sun daɗe da komawa bariki, an yi zaɓe an sake yi, waya ta shiga kowane gida. Tawa ƙarama ce mai tocila, wadda yara ke kira rakani-kashi. Kira kawai take yi, kuma kiran da ake mini iri ɗaya ne. Amma a shekarar aka cika gari da wasu manyan wayoyi 'yan Cana, masu ƙara kamar amsa-kuwwar masallaci, ana sa musu wani ɗan abu kamar farce da ake kira memori, ya ɗauki waƙa da wa'azi da hoto mai motsi. Ba talla ake yi ba. A gidan biki wata za ta kunna abu, na kusa da ita su miƙa wuya, sai ka ji an ce ke, turo mini. Su haɗa wayoyin baki da baki kamar tattabaru, abin ya wuce daga wannan zuwa waccan. Wadda ba ta samu haka ba sai ta ba da memorinta a kai wa 'yan tura, masu zuba waƙa da hoto a waya, a bakin kasuwa, ta ce irin wanda aka ji a gidan wance. Ni ina kallonsu kawai. Ban ɗauka abin zai zo inda nake ba.

A damina Yalwa ta kwanta. Ciwon ciki ne. Aka kai ta asibiti, aka riƙe ta, daga baya likita ya ce a koma da ita gida a ci gaba da addu'a. Kowa ya san ma'anar wannan. Hafsatu ta baro gidan mijinta a Kambarawa ta dawo jinya. A lokacin tana koyar da matan aure a Islamiyya, ana ce mata Malama, ni kuma a hannuna aka yanke mata cibi. Yarinya ce mai ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta tare ni a tsakar gida wajen rijiya, ta durƙusa, ta gaishe ni doguwar gaisuwa, ta tambayi ƙafata, ta tambayi ɗana Musa da iyalinsa. Sannan ta fito da waya ta ce akwai abin da take son in gani. Wani malami ne a ciki yana koyar da wankan mace. Ban tsaya kallo ba, na ce ni ba a akwati na koyi aikina ba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Inna, ni ba raina ki na yi ba. Amma an kawo hujja, kalaba uku ake yi wa mace a saka ta baya. Uwa ɗaya gare ni, kuma sau ɗaya za a yi mata. In ba za ki iya ba, akwai matan makarantarmu da aka koya wa, sai su zo."

Na ce uwarki ta ba ni amana. Ta ce ta sani, kuma tana roƙon Allah kada a kai ga saɓa wa uwar tata, amma in rai ya fita hakkin gawa yana kan 'ya'yanta, ƙannenta maza kuma duk sun ga hoton, sun goyi bayanta. Na juya na fita.

Na dawo gida na faɗa musu yadda muka yi. Musa, babbanku, ya ce in rabu da su, ai gawar tasu ce, ni kuma na tsufa, in huta mana. Na ce masa bai san abin da yake faɗa ba. Matarsa Binta tana gefe tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Da na matsa mata ta ce ita ma ta gani, a gidan kitso aka kunna musu, kuma babu yarinyar da ba ta gani ba daga nan har Kambarawa. Ashe ni kaɗai ce a unguwar ban san ana magana a kan hannuna ba. Ba a jima ba aka kira mu wankan wata tsohuwa a bayan ganuwa. Da muka fito, jikokinta mata na tsaye a ƙofar ɗaki, ɗaya ta tambaye ni ko an yi kalabar. Tun da nake aikin nan ba wanda ya taɓa tambayata mi na yi a ciki. Tabawa ce ta amsa, ta ce wa yarinyar ta je ta tambayi wayarta. Muka tafi, ba a raka mu zaure ba.

Daga nan barci ya bar ni. Na riƙa ƙirga matan da na naɗe wa gashi, uwata na ciki, ƙanwarku Rabi na ciki. In ba daidai na yi ba fa? Na kasa riƙewa, na je wajen matar liman na ce ta tambayar mini Malam. Ya sa aka kira ni, ya yi magana daga bayan labule. Ya ce duka biyun suna cikin littafi, malamai sun yi saɓani tun kafin kakanninmu, kuma ba wankan da ya ɓaci saboda gashi, in kwantar da hankalina. Wannan ya sauke mini rabin kaya. Na kai wa Hafsatu maganar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce tana girmama Malam, amma ita abin da ta gani da hujjarsa shi take so wa uwarta. Na gane cewa maganar bayan labule ba za ta ja da abin da mutum ya gani da idonsa yana maimaitawa duk lokacin da ya so ba. Yalwa kuwa kullum ƙara ramewa take. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, ta tafi, kuma baƙi ne za su shiga kanta.

Sai na yanke shawarar in ga abin da idona, ni kaɗai, ba a hannun Hafsatu ba. Na ce wa Binta ta ciro mini memorinta. Ta ce ta aika a turo, na ce a'a, da ƙafata zan je. Na ƙulle shi a bakin zane na fita da hantsi.

Layin 'yan tura ba wurin tsohuwa ba ne. Rumfuna ne a jere, kowace da na'urarta da akwatin ƙara, kowa na son nasa ya danne na maƙwabcinsa. Nan waƙar ɗan takara, can waƙar amarya, gaba kaɗan wani malami na faɗa. Samari sun yi cincirindo, kowa da waya a hannu, mai rumfa na kunna musu ɗan kaɗan su ji, in ya yi musu su ce zuba. Da suka gan ni suka buɗe hanya, wasu suka rage murya, don da yawa sun san ni, kuma ba a son ganina ba dalili. Na wuce har rumfar Sale mai kaset. Shi dattijo ne, da can kaset yake sayarwa a kan baro, da kaset ya mutu ya koma faifai, da faifai ya mutu ya sayi na'ura. Sunan dai bai bar shi ba. Ya miƙe ya ba ni bencinsa, ya kashe ƙarar. Ya tambaye ni karatu nake so ko wa'azi, ya ce tsofaffi sun fi sayen karatun wani mai zaƙin murya, zai sa mini in ji. Na ce na wankan gawa nake so, na mata. Ya juya ga na'urarsa. Ya ce yana da shi, kuma bayan waƙoƙin siyasa babu abin da ya fi shi fita a rumfar. Wani direba ne ya fara kawo masa daga Kano a wayarsa, ya kwafa, yanzu duk layin suna da shi. Bai ma san sunan malamin ba, mai 'yar tsana kawai ake cewa. Yana cikin turawa, bai dube ni ba, ya ce:

"Inna, ke kika wanke tsohuwata."

Na ce na sani.

"Da na ga wannan sai da na kwana biyu ina tunani."

Na ce Malam ya ce ba abin da ya ɓaci. Ya ce Alhamdu lillahi, amma muryarsa ba ta saki ba. Ya ƙi karɓar kuɗi, na aje masa a kan benci na tashi.

Na sa Binta ta rufe ƙofa ta kunna mini. Malamin matashi ne, Hausarsa ta Kanawa. Ya shimfiɗa irin gunkin nan da ake rataya wa riga a shago, an lulluɓe shi, an ɗaura masa gashin zare. Na sa ido in ga inda zai kauce. Ya fara da dama, ya yi alwala, ya ambaci ganyen magarya, ya sa kafur a ruwan ƙarshe. Duk yadda muke yi. Sai da ya zo kan gashi ya raba shi uku, ɗaya a gaba, biyu a gefe, ya kitsa kowanne ya mai da baya. Na ce ta sake. Ta sake har wayar ta yi zafi ta mutu, sai da aka kai ta caji. Abin ba shi da yawa. Na ce wa Binta ta cire ɗankwali ta zauna. Na raba gashinta, na kama, na murɗa, ya warware. Yatsuna sun kumbura da sanyin ƙashi, ba sa lanƙwasa yadda ake so, ga shi ban san wanne ke hawa kan wanne ba. A cikin waya hannun malamin yana sauri, kuma hoton ƙarami ne. Binta ta yi haƙuri har hawaye suka zubo mata don ja. Ta gwada nuna mini, amma ita ma kai take bayarwa a yi mata. Na tashi da abu kamar igiyar da akuya ta tauna.

Kafin la'asar labari ya kai wa Tabawa cewa an gan ni a layin 'yan tura. Ta shigo da sallamarta tana dariya, ta ce ashe Taɓarya an fara sayen waƙa, wane tsoho ne ya yi sa'a. Na ce ta zamna. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Dariyar ta ɗauke.

"To mi kike nufi? Uwata ba ta iya ba?"

Na ce ban ce haka ba, Malam ma ya ce duka biyun daidai ne.

"In daidai ne mi zai sa ki canja? Ranar da kika kitsa kan Yalwa kin gaya wa garin nan cewa duk wadda uwata ta wanke an rufe ta a karkace. Ita kanta haka muka naɗe mata, da hannunki."

Na ce Yalwa na yi wa alkawari, kuma wannan ce kaɗai hanyar da za a bar ni in shiga. Ta ce to in nemi mai zuba mini ruwa. Ta ɗauki mayafinta. A bakin ƙofa na kira ta Buta, ba ta waiwayo ba.

Na san gaskiyarta. Na kwana ina auna abin. In na ƙi, Yalwa za ta tafi a hannun matan da ba su san ta ba. In na yarda, na rasa Tabawa da tsofaffin gidajen da ke kiranmu don mun tsaya a kan na Gwaggo. Yara kuwa ba dawowa wajena za su yi ba, suna da nasu. Na ga dai ta kowace hanya akwai asara. Amma Gwaggo ta riga ta samu suturarta, Yalwa ce ke jiran tata.

Da safe na tsallaka lungu. Hafsatu ta tafi karɓo magani, Yalwa na kwance ita kaɗai, ta koma kamar kara. Ashe duk ta ji, bangon ɗakinta ba kauri. Na gaya mata na sayi hoton, na yarda zan yi, amma hannuna ya ƙi. Ta ce in kwatanta mata. Da na ce namiji ne ke kitsa gashin zare a kan gunki, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ɗaga ta na ba ta ruwa. Ta ce duniya ta zo ƙarshe, ita da ta ƙare rayuwarta a kan kawunan mata, ƙato ne zai koyar da yadda za a yi nata. Na tambaye ta ita wanne take so, naɗi ko kalaba. Ta ce ita ba za ta ji ba, abin da ba ta so a yi faɗa a kanta tana kwance, kuma ba ta son baƙi. Sai ta sa hannu ta zame ɗankwalinta.

"Tallabo ni. Ga kan nan, ki koya a kansa. Ai shi za ki yi wa."

Na ce ba zan iya ba, tana da rai. Ta ce to in jira ta mutu ta koya mini. Na hau gadon na zauna a bayanta, na jingina ta a ƙirjina, ba ta fi nauyin yaro ba. Ta ɗaga hannuwanta ta baya ta ɗora a kan nawa. Ta ce in raba uku, na dama ya hau na tsakiya, na hagu ya hau na tsakiya, kada in saki, kada in ja. Yatsunta ba ƙarfi amma sun san hanya, suna tura nawa. In na ɓata sai ta mintsine ni ta ce hannun daka dai hannun daka ne, da jaki ta koya wa da ya buɗe rumfa. Ta ce in tuna ranar gashin jiƙe zai kasance, ya fi santsi, kuma kan ba zai tsaya mini ba, sai in tokare shi da gwiwa. Haka take faɗa kamar maganar kan wata. Da ta gaji na kwantar da ita. Washegari na koma, da jibi, da duk ranar da ta iya zama. Muna jin sallamar Hafsatu sai ta ja ɗankwali.

Ranar da kalabar ta tsaya ba ta warware ba, Yalwa ta shafa ta daga sama har ƙasa. Ta ce da wata ce ta yi mata wannan da ba ta biya ba, amma za ta shiga kabari. Ta sa na kira Hafsatu, ta buɗe kan ta nuna mata, ba ta dube ta ba, ta ce wa bango ga abin da ake so, sai a bar mata Dije. Hafsatu ta duba, ta rufe fuska da hijabi ta fita. Daga baya ta same ni a zaure ta ce ta gode, ba za ta kira kowa ba.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Ba ni da mai zuba ruwa. Na aika wa Tabawa sau biyu, ta ce a ce mini tana gaisuwa. Sanyi kuma ya fara shigowa, yatsuna na ƙara ƙagewa, kullum da safe sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su buɗe. Na riƙa kitsa igiyar rama a ɗaki don kada hannun ya manta.

Yalwa ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, bayan an gama girbi. Ba a kira ni a waya ba, kukan na ji ta kan katanga. Na ɗauki ƙwaryata da garin magarya da kafur. Na tsaya a tsakar gida na ce wa Binta ta ɗauko buta ta biyo ni. Ba ta taɓa ganin gawa ba. Ta dubi Musa, Musa ya dubi ƙasa, ta ɗauko. A ɗakin ta riƙa zubar da ruwan a ƙafata. Na ce ta dubi butar kawai, in na ce zuba ta zuba, in na ce tsaya ta tsaya. Abin da na gani a ɗakin ba na faɗa, ban taɓa faɗin na kowa ba. Abin da hannuna ya yi shi ne nawa. Na wanke ta yadda aka koya mini. Da na zo kan, na tokare shi da gwiwa kamar yadda ta ce. Ta gaba ta tsaya, ta dama ta tsaya. Ta hagu ta zame mini, na sake, ta sake zamewa. A waje maza sun fara gyaran murya, makara ta iso. Na tsaya na hura wa yatsuna iska, na kama a hankali, ban ja ba, ban saki ba. Ta tsaya. Na mai da su baya, muka sa likkafani.

Hafsatu na bakin ƙofa, wayar na hannunta a kashe.

"Inna, an yi?"

Na ce an yi. Ta durƙusa ta riƙe ƙafata, na ce ta tashi ta ba maza hanya.

Kafin sadakar uku duk unguwa ta ji. Tsofaffin gidaje suka daina kirana, suka koma kiran Tabawa, ta ɗauki wata jikar Gwaggo tana zuba mata. Gidajen yara kuma matan makaranta suke kira, da safar hannu da abin rufe hanci. An kira ni sau ɗaya ko biyu, inda aka rasa kowa, daga nan wayar ta yi shiru. Ban canja malami ba. Har yau a bayan limaminmu nake sallar idi. Memorin ma na mayar wa Binta, ta sa aka goge aka zuba mata fim.

Ni da Tabawa muka koma gaisuwar mutunci. Ina kwana, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi. Duk wanda ya san taubasai ya san zagi ya fi wannan daɗi. Na je mata barka da jika, ta zo mini jaje da na karye, ba wadda ta tsokani wata. Bayan 'yan shekaru ta kwanta, ciwon bai ja ba. Ranar da ta cika na ɗauki ƙwaryata na tafi ba tare da an kira ni ba. Babbar ɗiyarta ta tare ni a tsakar gida, ta kasa haɗa ido da ni, ta ce innarta ta bar wasiyya, jikar Gwaggo ce za ta yi, kuma a naɗe. Na ce ai na iya naɗi, ni na yi wa Gwaggo. Ta ce innarta ta ambaci sunana, ta ce ban da ni.

Na aje ƙwaryar a gindin turmi na zauna a kan tabarma cikin mata. Ɗakin na bayana, ina jin ruwan yana sauka. Wata a gefena ta raɗa mini ko yanzu na yi nadama. Na ce mata Yalwa ta tafi a hannun da ta zaɓa, Tabawa ma ga shi tana tafiya a hannun da ta zaɓa. Da aka fito da makara na miƙe tare da kowa. Garin magaryar da na zo da shi na bar musu a nan, na ɗauki ƙwaryar na koma gida.